Shafi na Sha Tara

Kemis ɗina taku huɗu ne, bayan layin dogo, Agege,
tsakanin mai gasa masara da Iya mai amala.
In jirgi ya wuce, kwalaben kan kanta sukan kaɗa haƙora.
Ni na saba.

Ina da littafin bashi mai shuɗin bango.
Shafi na sha tara na gida ɗaya ne.

Sabi'u yakan zo kafin assalatu,
rigarsa na warin jinin jiya daga abatuwar Oko-Oba.
Ba ya gaisuwa da baki. Yatsu biyu yake ɗagawa.
Jar ƙwaya biyu, tiramol.
Ya ce, Malam Hashimu, cinyar sa ba ta san ɗan dako ya gaji ba.
Gaskiya ne. Na miƙa, na rubuta.
Da magariba ya dawo ya karɓi kwalba,
wai ta tari,
shi da ban taɓa jin tarinsa ba.

Kubura sai bayan isha'i,
ta ja mayafi ya rufe rabin fuska.
Man zafi, filasta, fanadol huɗu.
Santsi ne, ta ce, a bakin famfo.
Famfon gidansu tun kafin azumi ya ƙafe,
da jarka nake ganinta tana bin mai ruwa.
Na miƙa. Na rubuta ƙarƙashin nasa,
biro ɗaya, layi na bin layi.

Kada ku ce dodo nake ba ku labari.
Na ga ranar da ya diro daga danfo tana tafiya
don ya hangi atamfa a rataye,
ya zazzage kuɗin mako ya saya mata, yana dariya kamar yaro.
Daren nan ne ya fasa tukunya a kan gishiri.
Tsakanin zuciyarsa da hannunsa babu zaure,
babu inda baƙo zai tsaya ya yi sallama.

Da safe ya zauna kan bencina yana kuka,
ya ce wallahi ba ni ba ne.
Abokansa suka ce ƙwaya ce.
Liman ya ce shaiɗan ne, a yi haƙuri.
Mai gidan haya ta ce su biya kuɗin ƙofar da ta ɓalle.

Ni dai ga abin da ya hana ni barci:
ɗan tasha ya ƙwace masa dubu biyu a Oshodi,
da ƙwayar a cikinsa, ya sunkuyar da kai.
Mahauci ya zage shi ta uwa ta uba, ya ce na gode.
Hannun da aka ce ba shi da linzami,
wa ya koya masa jira?
Wa ya nuna masa hanyar gida?

Ranar Talata, ana yayyafi,
Kubura ta zo da rana tsaka, fuska a buɗe,
leɓe a kumbure, jakar buhu a ka,
Ummita riƙe da gefen zanenta.
Ta ce, buɗe littafin.
Raba min nawa da nasa.

Na lissafa. Dubu uku da ɗari huɗu, filasta da man zafi.
Ta kwance bakin zane ta ƙirga min,
kuɗin awara, duk maiƙo.
Na ce bar shi.
Ta ce a'a, Malam, ka ci riba biyu, kada ka ƙara da lada.
Ta tsallaka layin dogo. Ban tambayi ina ba.

Rabin shafin yanzu a soke yake.

Yau kafin assalatu ga shi a bakin kanta,
ido jawur, yatsu biyu a sama.
Hannuna na kan durowa.
Jirgin farko ya taho,
kwalabe suka fara kaɗa haƙora,
wannan karon na ji su.